Wasiƙa zuwa ga Mustafa kafin ya ɗaura kaya a keke

Aboabo, Kumasi

Ɗana Mustafa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da mutanen gidan kawunka a Nima. Mu nan lafiya lau, sai hazo da ya fara sauka.

Saƙonka ya iso, na kuma ga hanyar da ka zana: Akra zuwa Aflawo, ka shiga Lome, ka yi arewa ta Atakpame da Sokode har Kara, ka tsallaka ƙasar Binin ta Ketawo ka faɗa Jugu, daga nan Paraku, ka gangaro Kwatano, ka biyo bakin teku ka dawo gida. Tafiyar ta haura kilomita 1,500. In kana cin 80 a yini kana hutawa rana ɗaya a mako, mako uku da 'yan kwanaki ke nan. Ban hana ka ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda ka ce kada mu damu, mutane za su taimaka.

Za su taimaka, fiye ma da yadda kake zato. Kalmar zango da muke zaune a cikinta asalinta masaukin ayari ce. Fataken goro da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja, ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango har Salaga, watanni suke yi a hanya, kuma kowane gari akwai mai gida da ke saukar da su, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu in rigima ta tashi. Amma babu madugun da ya taɓa fita hannu rabbana. Yana da guzurinsa, yana da la'adar mai gida, ya kuma san ranar tashi tun ranar sauka. Alheri a hanya ba ya wuya, Mustafa. Iya karɓarsa ne aiki, kuma a kan wannan na ɗauki alƙalami.

Fara da keken, domin taimakon mai gyara na ƙauye iyakarsa abin da ke cikin akwatinsa. Ka tafi da keke mai ƙafa inci 26, za ka ga lamba 559 a gefen tayar. Kekunan gwanjo sun cika yankin nan da wannan girman, don haka duk kasuwar da ke ci za ka samu taya da tiyub. Siririyar ƙafar nan ta keken tsere da kake so, in ta fashe tsakanin Sokode da Kara, mutum goma za su kewaye ka da jaje, babu mai abin da zai shige ta. Haka bawul. Ka sa mai kauri irin na mota da babur, wanda kowane fokanaiza zai iya ba iska. In ramin rim ɗinka na siririn bawul ne, a faɗaɗa shi zuwa milimita 8 da rabi tun a Akra, a goge bakinsa kada ya yanki tiyub. Jikin keken ya zama na ƙarfe. Alminiyam ya fi sauƙin nauyi, amma in ya tsage mai walda na bakin titi ba shi da abin yi masa. Ko ƙarfen ma, bututun keke siriri ne, waldar lantarki huda shi take yi, sai ka nemi mai waldar gas.

Yanzu ga inda taimako ke zama ɓarna. Injin iskar fokanaiza don tayar lori aka yi shi, kuma tayar keke cikin daƙiƙa kaɗan take cika. Mutumin da zuciya ɗaya zai danna, ya ce kyauta ne, ka ji fau. Ka tsaya a kansa, babban yatsanka a kan tayar, ka ce ya riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Iyakar iskar a rubuce take a gefen taya, ga mai faɗin inci biyu galibi tsakanin 40 da 65 ne a ma'aunin fokanaiza. In ta yi ƙasa da haka ga kaya a baya, da ka faɗa rami rim zai cije tiyub ya bar huda biyu gefe da gefe kamar saran maciji. In ka ga irin wannan hudar kada ka wahalar da kanka neman ƙaya, iska ce ta yi kaɗan.

Faci kuwa ka yi abinka. Na wuta da suke yi wa tiyub ɗin mota yakan ƙona na keke. Ka hura tiyub, ka bi da shi kusa da leɓenka har ka ji inda iska ke fita, ka yi alama da biro. Ka kankare wurin da sanfefa, faɗin ya ɗara facin. Ka shafa sulushan siriri da yatsa, sannan ka ajiye ka jira kamar minti biyar har ƙyallinsa ya mutu. A nan ne jama'ar da ta taru za ta fara cewa manna mana, ya bushe. Kada ka biye musu. Facin da aka manna a kan ɗanyen sulushan zai riƙe ka zuwa bayan gari ne kawai, da rana ta gasa kwalta ya ɗaye. In ka manna, ka murza da gindin sifana daga tsakiya zuwa gefe. Kafin ka mayar, ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali, domin ƙayar ko guntun wayar da ta yi ɓarnar tana nan maƙale tana jiran sabon tiyub. Ka riƙe tiyub biyu, faci ashirin, da ƙananan sulushan uku maimakon babba ɗaya, saboda wanda aka buɗe bushewa yake yi a zafi.

Ƙafar baya ita ce mai ɗaukar wahala. Ta zama mai sifok 36, kuma kayanka kada su wuce kilo 20 ban da ruwa. Sifok yakan karye ne a lanƙwasarsa, kuma galibi ta ɓangaren giya, inda ba ya fita sai an kwance firiwil, wato tarin haƙoran giya da sarƙa ke hawa a ƙafar baya. Mai gyaran da ba shi da makullinsa zai ɗauko guduma da kurfi. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma in ya gama, firiwil ya tashi daga aiki, ƙwayoyin boris sun watse cikin yashi. Makullin ƙaramin ƙarfe ne da bai kai kwalin ashana ba. Ka saya wanda ya dace da naka, ka miƙa masa, shi kuma yana da babbar sifanar da za ta juya shi. Ka ga an haɗu ke nan, kowa ya kawo nasa. Ka ɗaure sifok shida da salatif a jikin keken, daidai tsawon naka, don na hagu da na dama a ƙafar baya ba lallai tsawonsu ya zo ɗaya ba. Ɗaya in ya karye ka gyara a ranar. In ka bari, maƙwabtansa ne za su ɗauki nauyinsa, gobe biyu, jibi huɗu.

Sauran ba su da yawa: alanki lamba 4 da 5 da 6, filaya, abin yanke sarƙa, wayar birki da ta giya ɗaya-ɗaya, robar birki, da notunan kariya, waɗanda hanyar jar ƙasa ke kwancewa ba ka sani ba. Ka taɓa su kowace safiya. Za a yi maka tayin baƙin mai don sarƙa. A hazo yana kama ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. In babu wani, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sannan ka goge da tsumma har ta yi kamar ba a sa ba.

Wata rana direba zai tsaya ya ce ka hau. In rana ta yi ko jiki ya gaza, ka hau, babu abin kunya. Sai dai kai za ka ɗora kekenka da hannunka. Ka cire jakunkuna, ka kwantar da shi ta hagu, ɓangaren giya yana kallon sama, kuma kada a aza masa buhu. Yaran mota in suka kwantar da shi ta dama, ƙarfen da ke riƙe da giyar baya zai lanƙwashe, ranar da ka sa giyar hawa sai ya shige cikin sifok ya tafi da ƙafar gaba ɗaya. Wanda kuma zai ce ka kama bayan lori a hawan Alejo, kafin Bafilo, ko ɗan babur da zai tura ka da ƙafa, ka gode masa ka ƙi. Keke mai kaya ba ya yafe irin wannan. Tun daga gida ma, babban titin Tema ba na keke ba ne, ka bi ta Teshi da Nunguwa.

Maganar masauki ita ce babba, kuma rabinta lokaci ne. Ka hau keke da an sallame asuba gari ya waye, ka sauka wajen 11, ka huta a inuwa har zafi ya karye, ka ƙara kaɗan. Ƙarfe 4 ta same ka cikin garin da za ka kwana. A yankinmu da 6 ta gota duhu ya rufe, kuma mutumin da ya shigo da la'asar baƙo ne, wanda ya buga ƙofa bayan isha'i kuwa abin tsoro ne, ko da fuskarsa ta malamai ce. Ka tuna agogon Binin yana gaban namu da na Togo da awa ɗaya.

Ka tambayi zango. Lome tana da shi, an tashe shi daga tsakiyar gari a 1977 aka mai da shi arewa, wajen Agowe, kan hanyar da za ka bi. Sokode garin Kotokoli ne, musulmi ne mafi yawa. Jugu da Paraku Dendi ake ji, amma ba za ka rasa mai Hausa a kasuwa ba, kuma akwai unguwar Zongo a Paraku da Kwatano. In ka isa masallaci, ka jingine keke inda kowa ke gani, ka cire hular kwano da tabarau, ka wanke ƙurar fuska, ka zura doguwar riga a kan wandon keken nan mai ɗame jiki. Wannan rigar ka ajiye ta a saman jaka don wannan aikin kawai. Ka yi salla tare da jama'a. Kai matafiyi ne, tafiyarka ta wuce mil 48 da kuka karanta a Risala, kana da kasaru, amma bayan liman mazaunin gari cikawa za ka yi. Bayan sallama kada ka tashi ka yi shela. Ka matsa wurin liman ko ladan, ka durƙusa, ka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ka faɗi abu huɗu: sunanka, ɗan wane ne kai daga zangon Kumasi, inda ka nufa, da cewa gobe da asuba za ka wuce. Na ƙarshen nan shi ke buɗe ƙofa. Mutum yana jin kwana ɗaya ne, hankalinsa ya kwanta. Kuma abin da za ka roƙa ya zama ƙarami, wurin shimfiɗa tabarma da inda keke zai kwana. Wanda ya roƙi baranda akan ba shi ɗaki, wanda ya roƙi ɗaki kuwa ya sa mai gida lissafi. In sun ce sai an kai ka gaban sarkin zango ko mai unguwa, ka bi su da murna, ka nuna takardunka ba sai an tambaya ba. Daga lokacin kana hannun gari ne.

Inda babu masallaci, gidan sarkin ƙauye ko makaranta ko coci duk suna saukar da baƙo, kuma kada ka ɗauka alheri a zango kaɗai yake. A kudancin Togo ka riƙe kalmar akpe, ita ce na gode da Ewe, ka haɗa da ɗan Faransancin gaisuwa. Abu ɗaya, kada ka kafa tanti a daji don gudun damun mutane. Kurmin da ka gani a share, da farin ƙyalle ko tukwane a gindin itace, wurin bautarsu ne, ko keke kada ka jingina. A kudancin Binin akwai dararen da Zangbeto ko Oro, dodannin gargajiyarsu, ke fita. In mai masaukinka ya ce yau ba a leƙa waje, to ya yi maka babban alheri, ka shige ɗaki kada ka ce sai ka ɗauki hoto.

Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba. Mutane sukan riƙe rabin farko su manta na biyun. Za a ce maka haba, ka ƙara kwana. Wani da gaske yake, wani kunya ce. Ka dubi tukunya. In ka ga an yanka kaza, ko kai kaɗai ke da nama yara suna leƙe daga bakin ƙofa, to gidan ya yi abin da ya fi ƙarfinsa, gobe ka tashi. Mai tuƙa keke yini guda yana iya cinye abincin mutum uku bai sani ba. Saboda haka ka ci wani abu a kasuwa kafin ka nemi masauki, ka zo da yunwar mutum ɗaya, ka kuma rage a kwano, don abin da baƙo ya rage yara ke jira. Cikin gida kuma iyakarka inda aka nuna maka. Ka gai da matan gida daga nesa, kada ka ɗaga waya a kan kowa sai da izini.

Kada ka zaro kuɗi ka miƙa wa dattijo a gaban mutane, ka mai da shi mai hotal ke nan. Yaba kyauta tukuici, amma tukuici yana da hanya. Kai ɗan ƙasar goro ne, ka biyo a ba ka kamar arba'in, a naɗe a ganye cikin tsumman buhu mai danshi. Ka riƙa buɗewa duk kwana biyu kana yayyafa ruwa kana fitar da mai sankara kafin ya ɓata saura. Uku ko biyar ga liman ko sarki sun isa. Ga uwar gida, ka fita kasuwa da yamma ka sayo sukari da ganyen shayi ko sabulu, ka ba yaro ya kai ciki. In gidan talauci ya bayyana, ka naɗe sefa dubu ɗaya ko biyu ka ba ta da safe a keɓe ka ce a saya wa yara ƙosai. Wannan yana buƙatar canji, kuma takardar dubu goma ba mai canza maka ita a ƙauye. Ka farfasa a Lome, ka tara 500 da 1,000 da tsabar 100. Sefa ɗaya ce a Togo da Binin. Mafi daɗin tukuici ma yana jakarka: kusan kowane gida akwai keken da ya kwanta saboda faci ko birki. Rabin awa da famfonka da alanki, yaron gidan ya koma makaranta a kan keke. In ka ce za ka turo hoto ta WhatsApp, ka turo. In ba za ka iya samar wa ɗan wani aiki a Gana ba, kada ka ce za ka duba.

Ruwan maraba a ƙwarya ba a ƙin sa. Ka karɓa da hannun dama, ka kai baki, ka mayar da godiya. Na sha sosai kuwa, ko na leda, ko na famfon burtsatse, ko wanda ya tafasa minti guda cur. A zafin arewa za ka sha lita shida ko fiye, wato ledar fiya wata goma sha biyu, kuma in fitsarinka ya yi ja ka makara. In gudawa ta kama ka: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Za a kawo maka jiƙo da ƙwayoyi marasa kwali, kowa da nasa maganin, duk don tausayi. Zazzaɓi dai gwaji ake yi masa a asibiti a ranar da ya fara, kuma in na cizon sauro ne ka shanye maganin kwana ukun nan duka ko ka ji sauƙi a na biyu. Gidan sauro ya shiga jaka, don mai masauki ba lallai yana da na baƙo ba. Kare in ya cije ka, ko mai shi ya rantse lafiyarsa ƙalau, sabulu da ruwa minti 15, sannan asibiti don allura. Za a kuma miƙo maka sodabi, giyar kwakwar manja, a kudu, cukutu a wajen Kara, wato burukutunsu. Ka dafa ƙirji ka ce kai musulmi ne, sun saba, ba mai jin haushi. Inda ba ka natsu da yanka ba, ka ce kifi ko wagashi.

Tambayar hanya ma sai da dabara. Wanda ya saba da babur komai a wurinsa nan kusa ne. Ka tambayi mutum uku, ka fi gaskata mai keke ko mace mai kai kaya kasuwa da ƙafa, ka kuma duba duwatsun kilomita masu jan kai a gefen manyan hanyoyinsu. Amma in mutanen gari suka ce kada ka bi wata hanya, magana ta ƙare, ko taswirar wayarka ta ce me. Daga Kara kada ka ƙara arewa. An sa yankin Dapawong cikin dokar ta-ɓaci a 2022 saboda 'yan bindiga, haka arewacin Binin wajen dajin Penjari ba wurin yawo ba ne.

A iyaka, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka kwana 90 ba biza. Ka tafi da fasfo da katin Gana duka biyu, da katin allurar shawara, wadda sai ta kwana goma take fara aiki, don haka ka yi ta tun yanzu. Rasiɗin keken ma ya bi ka, da lambar da ke ƙarƙashin feda a rubuce. A Aflawo masu cewa kawo in taimake ka za su yi maka ca. Takardarka daga hannunka sai hannun mai kaki. Kuma duk wanda ya ba ka ƙunshi ya ce don Allah ka miƙa wa ƙaninsa a tsallake, ko a gidansa ka kwana, ko shi ya yi jinyarka, ka ce mahaifinka ya yi maka rantsuwa a kan ɗaukar saƙo. Ka ɗora laifin a kaina. Abin da aka samu a jakarka naka ne a wurin hukuma.

Kowace yamma ka turo sunan garin da na mai masaukinka, a gabansa, ka kuma ba shi wayar mu gaisa in yi masa godiya da bakina. Yana jin daɗi, kuma ya san yaron nan yana da masu shi. Lambobinmu ka rubuta a takarda ka sa cikin leda, waya tana mutuwa.

Mahaifiyarka ta ce a gaya maka tana yi maka dakuwa da yaji. Ka zo ka karɓa da kanka kafin tafiyar, ka taho da ƙafar bayan keken a mota, a kai ta Magazin, unguwar makanikai a nan Kumasi, a ja sifok ɗin a sake giris. Ka gai da kawunka da iyalinsa.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.

Mahaifinka